Ƙanƙara, fiya wata da hanyar Argungu: yadda ake sanyaya jiki kafin doguwar tafiyar keke

Wani matashi daga Birnin Kebbi ne ya aiko da tambaya. Ya ce shi da abokansa suna hawan keke duk Asabar, su tashi bayan sallar asuba su nufi Argungu su juyo, zuwa da dawowa kilomita 100 da 'yan kai. Da hunturu lafiya lau suke yi. Tun da bazara ta kama kuwa, dawowar ta zame musu azaba, har ɗayansu ya yi amai a wajen Ambursa. Ya ga 'yan tseren Turai a waya sanye da riga mai ƙanƙara kafin a tashi, shi ne yake son ya san ko da gaske abin na aiki, da yadda zai yi shi da abin da ke hannunsa kafin ya bar gida. Ya kuma ce mahaifiyarsa ta hana shi, wai ruwan ƙanƙara a jiki mai zafi shi ke kawo ciwon haƙarƙari.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Abin yana aiki, an gwada an gani. Sai dai ɗan lokaci yake ara maka, bai kai awa guda ba galibi, kuma a yadda kuka tsara tafiyarku, wurin da kake shirin yin sa ba nan ne ya fi amfani ba. Bari in fara da abin da ke faruwa a jikinka, don in ka gane wannan, sauran kai ma za ka iya lissafa shi.

Tsokar ɗan Adam inji ce mai ɓarnar mai. Cikin ƙarfin da take ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kaɗai ke isa feda, ragowar duk zafi yake zama a cikin jiki. Mahayi mai horo da ke taka keke da ƙarfin wat 200 (wat shi ne ma'aunin ƙarfi, irin wanda ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki) yana haifar da zafin wat 600 zuwa 800, ka ce dutsen guga ya haɗiya yana kunne. Cikin jiki kuwa yana son ya zauna kusa da digiri 37, saboda haka dole zafin nan ya sami ƙofar fita. Da sanyin safiya iskar da ke dukanka tana kwashe wani kaso. Amma fatar mutum ba ta cika wuce digiri 35 ba, to da zarar iskar gari ta haura haka, kamar yadda take yi a nan tun hantsi a watan Afrilu, ta daina kwashewa, ƙara maka ma take yi. Ga rana daga sama, ga kwalta daga ƙasa. Ƙofa ɗaya ta rage, wato zufa ta bushe a kan fata.

Ka san randar ƙasa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka jikinka yake. Lita guda ta zufa in ta bushe a kan fata tana tafiya da zafin da ya kai kilojul 2,400, kusan daidai da abin da wancan mahayin ke haifarwa cikin awa guda. Zufar da ta ɗiga a kan kwalta kuwa ta tafi a banza, ta rage maka ruwa ba ta ɗauke zafi ba. Shi ya sa ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa iska ta yi nauyi da laima, ya fi Maris wahala ko da ma'auni ya nuna digiri ɗaya. A irin ranakun nan ko randar ba ta sanyaya ruwa kamar da.

Zuciya ce ke shan wahalar a tsakani. Cinyoyi suna neman jini don aiki, fata ma tana neman jini don ta kai zafi waje, jinin kuma yana raguwa saboda daga ruwansa ake ɗiban zufa. Sai ka ga gudun bai ƙaru ba amma bugun zuciya yana ta hawa, ƙafa ta yi nauyi, ciki ya fara juyawa domin an janye jini daga hanji. Aman da abokinka ya yi, wataƙila daga nan ya fito.

To sanyaya jiki kafin tashi kamar ka rage ruwan bokiti ne kafin ka tara shi a ƙarƙashin indararo. Zai daɗe bai cika ba, amma indararon bai daina zuba ba. 'Yan wasan Ostareliya sun shiga gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da rigunan ƙanƙara, daga nan abin ya yaɗu. A 2010 wasu masu bincike a can Ostareliya suka shayar da 'yan gudu dakakkiyar ƙanƙara, giram 7.5 kan kowane kilo na nauyin jiki, kafin su yi gudu cikin zafi. Zafin cikinsu ya sauka da rabin digiri da ɗan ɗori, kuma suka jure kusan minti 50 maimakon kusan minti 41 da suka yi da ruwan sanyi kawai. Ka lura da adadin nan da kyau. Ribar mintuna ce, a gudun da bai kai awa ba. Ku kuwa tafiyarku ta awa huɗu zuwa biyar ce.

Nan ne na saɓa da shirinka. Kuna barin Birnin Kebbi gari na wayewa, lokacin da ya fi kowane sanyi a yini. In ka sha ƙanƙara a ƙofar gida, ka kashe ribar a sa'ar da iska ke yi maka aikin kyauta, kafin rana ta ɗaga ta riga ta ƙare. Zafin da ke kayar da ku yana jiranku ne a dawowa, daga ƙarfe tara da rabi zuwa sha biyu. Saboda haka tashin da ya kamata ka sanyaya jiki dominsa shi ne na biyu, wanda kuke yi daga Argungu. A can jikinka ya riga ya ɗumama da tafiyar awa biyu, ga mafi munin hanya a gabanka. Minti 20 zuwa 30 na sanyi a wannan zangon sun fi wankan ƙanƙara goma a gida. Ban hana ka watsa ruwa da asuba ba, musamman in daren an kwana babu wuta kana juyi cikin gumi. Amma kuɗin ƙanƙararka ka kai su Argungu.

Yadda za ka yi kuwa ba ya buƙatar rigar Turawa. In nauyinka kilo 65 ne, giram 7.5 sau 65 ya ba ka giram 488, wato kusan leda guda ta fiya wata mai santilita 50. Ledar da ta daskare ƙam, ka naɗe ta a tsumma mai tsabta ka bubbuga ta har ta zama gari-gari, ko ka bar ta ta ɗan saki ka murmushe ta da hannu. Dalilin da ya sa ƙanƙarar ta fi ruwan sanyi shi ne narkewar. Kowane giram na ƙanƙara sai ya zuƙi zafin da ya kai jul 334 (jul 1,000 ne kilojul ɗaya) kafin ya zama ruwa, ba tare da ya ɗumama ko kaɗan ba, sannan ruwan ya fara ɗaukar zafi har ya kai 37. In ka haɗa, rabin lita na ƙanƙara yana kwashe kusan kilojul 240 daga cikinka, ruwan firij mai digiri 4 kuwa kusan 70. Ninki uku ke nan da ɗoriya.

Kada ka zazzaga ta gaba ɗaya. Raba ta kashi uku ko huɗu cikin rabin awa, ka gama mintuna kaɗan kafin ku hau. Mai gaggawa shi ke samun sarawar goshi da murɗar ciki. In ka daskarar da zoɓo ko ruwan tsamiya mai ɗan sukari da ɗan gishiri, ya fi ruwa zalla, domin ka sami abin ƙonawa a hanya kuma ya fi daɗin haɗiya. Abu guda da ba na sassauci a kai: ƙanƙarar bulo da ake fasawa a kasuwa ba ta sha ba ce, tunda ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifod da kwalara. Ta bulo ta jiki ce, ta leda a rufe ita ce ta ciki. Ku sami mai shago ɗaya a Argungu mai firiza ku yi magana da shi tun Juma'a ya ajiye muku, ko in akwai mai raka ku a babur ya ɗauko kula.

Sai na waje. Ku nemi inuwa ta gaske, ta bishiya ko rumfar zana, ba ta kwano ba, don kwano shi ma murhu ne. Cire hular kwano da takalmi, zuge riga. Tsoma tawul ko rawani a bokitin ruwan ƙanƙara ka ɗora a wuya da kafaɗu da ƙirji da baya, in ya ɗumama ka sake tsomawa. Hannuwa ma ka nutsa su cikin bokitin har gwiwar hannu, jini mai yawa yana bi ta tafin hannu. In akwai mafici ko iska na kaɗawa, jiƙaƙƙen jiki a gabanta ya fi komai. Amma ka bar cinyoyi da sha-raɓa da ɗuminsu. Tsoka mai sanyi ba ta ba da ƙarfi yadda ya kamata. Na taɓa ganin wani yaro cikin waɗanda nake horarwa ya jera ƙanƙara a kan cinyoyinsa yana murna ya fi kowa dabara, da aka tashi kilomitocin farko kamar da itace yake taka feda. Manyan 'yan tsere ma abin da suke yi ke nan: riga mai ƙanƙara a gangar jiki, ƙafafu kuma suna juya feda a hankali. Kada kuma ka kai kanka ga rawar ɗari. In haƙora sun fara haɗuwa, jiki ya koma ƙera zafi da kansa, ka ɓata aikin.

Na san za ka ce ga gulbi nan a Argungu, me zai hana a faɗa Matan Fada a fito? Nutsewa cikin ruwa mai sanyi-sanyi na minti 20 hanya ce mai kyau ta rage zafi, gaskiya ne. Amma ruwan gulbi da na fadama a ƙasarmu yana ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga. Bokiti biyu na ruwan rijiya ko na burtsatse a zuba maka a kai sun wadatar.

Kafin ku hau, ɗauki dabarar mahaya tseren keke na Faransa wadda ba ta cin ko sisi. Suna cika safar mata ta roba da ƙanƙara su ƙulle su cusa a bayan riga tsakanin kafaɗu, tana narkewa tana jiƙa baya. Tsohuwar safar ƙafa ma ta yi. Wannan zai raka ka wani zango.

A kan hanya kuma akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai jijiyoyin jin zafi da sanyi a cikin ciki, in sanyi mai yawa ya sauka musu kana tsakiyar aiki sai su sa jiki ya rage zufa. A busasshiyar iska irin ta Maris da farkon Afrilu, inda duk zufar da ta fito bushewa take yi, abin da ƙanƙarar ta ba ka da dama tana iya karɓe shi da hagu. A irin wannan yanayi, ruwan da ya yi saura bayan ka sha gara ka zuba shi a kai da ƙirji da hannuwa, gudun keke ya busar da shi, ka sami zufar da ba daga jininka ta fito ba. In laima ta shigo kuwa, zufa na zuba ba ta bushewa, to a nan sanyin ciki ya fi daraja. Saboda haka gora biyu: ɗaya ta sha, ɗaya ta zubawa. Riga fara mai sauƙin bushewa, ba baƙa ba, komai kyanta a hoto.

Yawan abin da za ka sha, ma'auni ne zai gaya maka. Hau sikeli kafin tafiya da bayanta, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ba ka mayar ba. Ka yi ƙoƙari ragin kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 1.3 ga mai kilo 65. In ka dawo ka fi nauyin tafiya, ka sha ya wuce kima, kuma wannan ma haɗari ne, domin ruwa zalla mai yawa yana tsinka gishirin jini har ya taɓa ƙwaƙwalwa. A tafiyar awa huɗu a sa gishiri cikin lissafi. Haɗin nan na gida da aka sani, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ya isa a gora ɗaya.

Batun Hajiya mahaifiyarka kuwa, a gaishe ta da kyau, kuma a yi mata bayani cikin ladabi. Ciwon haƙarƙarin da take tsoro, wato limoniya, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, tawul mai sanyi a wuya ba ya kawo shi. Amma tsoron nata bai rasa tushe gaba ɗaya ba. Faɗawa ruwan ƙanƙara farat ɗaya yana sa numfashi ya fizge, bugun zuciya da hawan jini su yi tsalle. Ga matashi lafiyayye wannan na ɗan lokaci ne. In akwai mai hawan jini ko ciwon zuciya a cikinku, ko dattijon da ke bin ku, ya tsaya a kan jiƙaƙƙen tawul da inuwa, ya kuma ga likita kafin ya shiga irin wannan tafiya. Mai sikila kuwa sanyi mai tsanani da ƙarancin ruwa duka suna tayar masa da ciwo. Ko wanda jininsa AS ne, da ba ya jin komai a rayuwar yau da kullum, ya yi hattara da matsa wa kansa cikin zafi da ƙishi.

Da za ka tambaye ni abin da ya fi ƙanƙara ƙarfi, sai in ce sabo. Jikin da aka saba masa da aiki cikin zafi, kamar awa guda a rana har kwana 7 zuwa 14, jininsa yana ƙara yawa, zufa tana fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita cikinta yana raguwa, zuciya tana samun sauƙi. Kada ka ce ai a nan aka haife ka. Zama cikin zafi daban, aiki cikin zafi daban. Mai noman rani a fadama yana da wannan sabon, mai zaman ofis ƙarƙashin fanka da ke hawa keke Asabar kaɗai ba lallai yana da shi ba. Ka riƙa ɗan fita da yamma sau uku ko huɗu a mako, a hankali. Sannan ku rage zaman Argungu. Duk awar da kuka ƙara kuna hira da cin kifi, rana ce kuka ƙara wa dawowarku. Rabin awa, a sanyaya jiki, a ci abu mara nauyi, a juyo. In ranar ta yi muni ƙwarai, babu kunya a kwana ko a jira la'asar sakaliya ko a ɗora kekuna a mota.

Akwai kuma yaudarar da ke tattare da sanyin kansa, kuma ita ce ta fi damuna. Sanyi a wuya da fuska yana sa ka ji daɗi fiye da yadda cikinka ya huce, sai ka ƙara wuta. Man shafawa da alewa masu mentol sun fi muni a wannan fanni: suna ba da jin sanyi, digiri ko ɗaya ba sa ragewa. A gasar keke ta duniya da aka yi a Doha ta Katar a watan Oktoban 2016, an auna zafin cikin wasu mahaya da ƙwayar ma'auni da suka haɗiya, aka sami wanda ya kai digiri 41.5. Waɗannan ƙwararru ne, da likitoci da motocin ƙanƙara a bayansu. Kai daga kai sai abokanka a kan hanyar Ambursa. Kada kowa ya sha tiramadol don ya danne gajiya. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun 2019, kuma yana toshe ƙararrawar da jiki ke kaɗa maka. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak ma ka bar su, haɗuwarsu da ƙarancin ruwa yana cutar da ƙoda. Wanda ya kwana da zazzaɓi ko gudawa, ko bai gama maganin maleriya ba, ranar ba tasa ba ce. Mai azumi ma haka: ba shi da damar sanyin ciki ko mayar da ruwa, doguwar tafiya da rana ta jira shi.

Ku kuma san alamar da ba a jayayya da ita. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, tsigar jiki na tashi cikin rana, waɗannan na nufin a tsaya a inuwa a huce. In kuwa mutum ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi a kan keke, ko ya hau faɗa babu dalili, ko ya faɗi, ku ɗauka zafi ya buge shi, ko da yana zufa sharkaf. Mutane suna jiran sai fata ta bushe, alhali mai motsa jiki sau da yawa yana zufa har ya faɗi. A irin wannan hali cikin jiki ya haura digiri 40, kuma minti 30 na farko su ne komai. A fara sanyaya shi nan take, a wurin, ana neman mota ana ci gaba. In da baho ko tamfol, a kwantar da shi ciki a zuba ruwa da duk ƙanƙarar da aka samu, kansa a sama wani na riƙe da shi. In babu, a cire masa kaya a yi ta kwara ruwa ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. A nan babu batun barin cinyoyi da ɗumi, duk jiki ake so. Ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, domin ba zazzaɓi ba ne. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, asibiti za a kai shi, don ƙoda da hanta suna iya nuna rauninsu daga baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kada Asabar ta zama ranar farko da cikinka zai gamu da ledar ƙanƙara guda. Wata Talata da la'asar ka sha rabin leda cikin minti 20, ka hau zuwa Kalgo ka dawo, ka ji yadda cikin ya karɓa. In lafiya, Alhamis ka cika ledar. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa a duk ranakun biyu, ka rubuta lambobin tare da yawan ruwan da ka sha, ka aiko mini in lissafa maka gora nawa za ka buƙata daga Argungu zuwa gida.